Satar Iri

In na ji mutum yana cewa sata duk sata ce, shiru nake yi in bar shi da saninsa. Ni dai an taɓa yi mini wata sata da rana ƙiri-ƙiri, ina kallo, kuma har yau ban samu kyautar da ta faranta mini rai kamarta ba. Amma sai na koma baya kaɗan kafin a gane zancen.

Garinmu ƙaramin gari ne a kan tudun rairayi, tsakanin Dogon Kiriya da Dogon Dutsi. Ina da shekara goma sha uku ya rabu biyu. Lokacin Faransawa ke mulki, aikin dole kuma ya ishi kowa. Gardi, wato dogarin Faransawa, zai zo bisa doki da takarda a hannu, ya tsaya ƙofar mai gari ya kira sunaye, a kora maza su je su ɗauki marmara a kwando suna zubawa a hanyar mota. Wanda ya tafi da jikinsa sai ya dawo ana ganin haƙarƙarinsa ta cikin riga. Wani ma ba ya dawowa. Mahaifina yana cikin waɗanda ba su dawo ba.

Bayan rasuwarsa da wata biyu, ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya ce shi kam ba zai zauna jiran a kira sunansa ba. Ya kwashe iyalinsa, gidaje goma sha ɗaya suka bi shi, har da mai garinmu na lokacin. Suka yi kudu, suka bi ta Tibiri da Dumega, suka tsallake iyaka zuwa ƙasar Ingilishi, can wajen gulbin Kabi. An yi da Innata ta bi su, ta ƙi. Ta ce mijinta bai san hanyar Kabi ba, in kurwarsa ta zo neman gida wa zai nuna mata?

Abin da waɗanda suka tafi ba su sani ba, ko suka sani suka kau da kai, shi ne takarda ba ta san an gudu ba. Sunayensu na nan a cikinta daram. Aka naɗa mana sabon mai gari, kuma duk zuwan gardi sai an cika masa adadin mutanen da ya zo nema, ko daga ina za a samo su. Da na kai shekara goma sha bakwai aka kira sunana, na je na yi wata uku na dawo. Shekara ta zagayo aka kira sunan ɗan Baba Ƙarami, wanda na girme shi da shekara biyu. Sabon mai gari ya duba nan ya duba can, sai ya nuna ni da haɓa. Na koma na sake yin wata uku ina amsa sunan wani. Kullum safe in mai kiran suna ya kira shi, ni ke ɗaga murya in ce "farazan", wato ga ni, da harshen Faransa. Kwandon ya cinye mini gashin tsakiyar kai, har yau bai fito ba. Jikokina sun ɗauka tsufa ne, ni kuma na bar su a haka. Abin da ya fi sanƙon ciwo, sunan ya manne mini. Ko a kasuwa na ji an kira wani mai irin sunan, sai in ji jikina ya zabura na juya.

Gonar Baba Ƙarami tana manne da tamu, layin gamba ne kawai ya raba su. Da suka tafi ni na riƙe ta. Ni na sassabe ta, ni na roƙi Fulani suka yi ta kwana da shanunsu a cikinta da rani har ƙasar ta yi baƙi. Damana tara ina nomanta. Da hatsinta na yi aure. In gaskiya ake so, na daɗe da daina kiranta gonar Baba Ƙarami ko a cikin zuciyata.

Bayan an gama babban yaƙin Turawa, wani ɗan kasuwa ya zo daga Dogon Dutsi da labarin wai an hana aikin dole. Ba mu yarda ba sai da muka ga rani ya zo ya wuce ba gardi. Labarin kuwa ya fi mu ƙafa, ya riga ya tsallake iyaka. Ƙarshen rani na gaba, wata rana da hantsi, sai ga jerin jakuna sun ɓullo daga kudu. Innata ta fita ba mayafi tana rangaɗa guɗa. Ni na tsaya jikin darni ina kallonsu. Na yi zaton zan yi murna, sai na tarar ina duba kumatunsu in ga ko sun fi namu cika. Hulunansu daban, matansu da kwanonin tasa masu fenti, bakinsu ba abin da ke fita sai sule da kwabo, kuɗin da ba wanda zai karɓa a kasuwarmu. Daga baya na ji cewa su ma ba daɗi suka sha ba. Gonar aro suka yi ta nomawa, ana ce musu baƙi, kuma sun bar kaburbura a can. Amma a ranar ban nemi sanin wannan ba. Ana cikin sauke kaya matar Baba Ƙarami ta ƙwala wa ɗanta kira, mu biyu muka juya tare. Shi bai lura ba. Ni kuwa ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi.

Kafin sati ya cika gari ya tashi da masu gari biyu. Tsohon ya ce shi bai taɓa sauka ba, tafiya ce ta kama shi. Sabon ya ce shi ya sha zagin gardi shekara tara, ba wanda ya zo taya shi. Kowanne da tabarmarsa a gindin bishiya daban, mutum in zai je rijiya sai ya lissafa ta inda zai bi don kada ya gaida ɗaya ɗaya ya gani. Maganar ta kai gaban sarki, ya ce wanda takarda ta sani shi ne mai gari, amma tsohon shi zai riƙa raba rigimar gona da ta rijiya, tunda shi ya san iyakokin kakanni. Kwana uku aka yi ana zama a gindin gawo kan gonaki. Aka yanke cewa kowace gona ta koma ga mai ita, amma wanda ya zuba mata taki zai ci rabinta damana biyu kafin ya saki. Muka tashi kowa na gunaguni. Ni ma na yi nawa, da ƙarfi kuwa.

To, gona ta samu. Saura abin da za a zuba mata.

Wata safiya na bi ta ƙofar Baba Ƙarami na ga an shanya iri a tabarma. Kallo ɗaya na yi masa na san akwai magana. Hatsin kudu ne, mai dogayen zangarniya, kyakkyawa da shi, amma irin wanda ke son ruwa ya daɗe a kansa. Damanarmu gajera ce. Hatsinmu na tudu ya saba da ita, da wuri yake nuna ya ba ruwa wuri. Irin da suka tafi da shi sun cinye tun shekarar farko da yunwa ta matsa musu, wannan na can shi ne kawai a hannunsu. In suka shuka shi a rairayinmu, ruwa zai ɗauke ya bar shi tsaye kore shar ba ƙwaya. Baba Ƙarami manomi ne, ya fi ni sanin haka. Ya ma faɗa a gindin gawo, kowa na ji: "In damanar bana ta ƙi mu, sai mu koma inda munka hito. Ba mu ƙara dawowa kuma."

Wanda ba ɗan garinmu ba zai ce to a ba su iri mana, mene ne a ciki? Akwai abu a ciki. A garinmu ba a miƙa wa mutum iri hannu da hannu, don an ce albarkar gonarka za ta bi shi ta bar ka. Ba a roƙonsa, don magidancin da ya roƙi iri ya faɗa wa duniya cewa shi ba manomi ba ne. Ba a kuma sayar wa ɗan'uwa. Satarsa ake yi. Mai iri zai ɗaure 'yan zangarniyoyi ya rataye a kan darni ta gefen hanya, ya shige gida ya ba da baya. Mai bukata ya zo ya ɗauke ya ruga. Sa'an nan mai gida ya fito yana ihun ɓarawo, yana zage-zagen da ba su da ƙashi, don albarka ta ji cewa ba da yardarsa aka ɗauka ba, ta yi zamanta. Ba a kiran sunan ɓarawon, ba a kuma godiya. Kowa ya tsira da mutuncinsa.

Amma a shekarar nan ba darnin da aka rataya wa komai. Gidajen da suka zauna duk sun zuba wa gidanmu ido. Mu muka rasa uba, ni na yi aikin mutum biyu. In ni ban rataya ba, ba wanda zai riga ni. Na san haka, kuma ba zan ɓoye ba, daɗin abin nake ji. Kwana da kwanaki ina wucewa ta gaban tabarmar irin nan ina yi wa Baba Ƙarami barka da hantsi cikin ladabi, shi ma yana amsawa cikin fara'a, kowannenmu ya san abin da ɗan'uwansa ya sani.

Innata ba ta ce mini uffan ba sai ranar da gabas ta fara haɗa baƙi. Tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Kai, hadari ya soma tashi."

Na ce, "Na gani, Inna."

"To, madalla. Cewa niy yi ko kwandon har da idanunka ya cinye."

Na hau rumbu na zaɓo zangarniyoyi, kuma mafi kyau na zaɓa. Kada a ɗauka kirki ne. Ba na so ne a ce irin gidanmu ya ba da kunya a gonar wani. Na ɗaure su tamau na rataye a darni, na shige zaure na zauna ina gyara murya, ina shirya zagin da zan yi. Wasu daga cikin zagin ma da gaske na yi niyyar yin su.

Ba a daɗe ba na ji sallama. Na ɗaga kai, sai ga ɗan Baba Ƙarami tsaye a bakin zaure, saurayi dogo mai sanyin magana, da ƙunshin irina a hannu.

"Yaya, ka mance iri bisa darni. Ga awaki nan na yawo, shi na nic ce bari in kawo ma kahin su cinye."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne ubansa ne ya aiko shi ya maido mini, wato ba su son komai daga hannuna. Na sauko daga fushin shekara tara na rataya musu iri, su kuma su maido mini da shi har zaure? Na fizge hulata na sunkuyar masa da kai.

"Ka ga wanga? Naka na! Wata ukku ina ɗaukar marmara da sunanka. Kullum sahe a kira ka, ni ka cewa farazan. Kai kana can kana cin kihin gulbi, ni ina nan ina amsa ma kira. Yanzu kuma irina ya yi muku kaɗan? Aje shi nan ka hita. Na rantse ba ni ba ku ko ƙwaya guda!"

Ya tsaya yana kallon tsakiyar kaina, bakinsa a buɗe. A fuskarsa na gane ba wanda ya taɓa gaya masa. Ya durƙusa ya ajiye ƙunshin a hankali kamar mai ajiye jariri, ya fita.

Na shiga cikin gida ina huci. Innata ta ji komai, don zauren namu ba ya riƙe magana. Ta bari sai da na sha ruwa.

"Shekarunai nawa sad da sunka tahi?"

"Sha ɗaya."

"Kai da kake sha ɗaya, mi kas sani ban da kamun hwara? Yaron ga can ya girma, inda in kad ɗauki abin wani sai gaban alƙali. Ya ga kayan wansa a waje ya kawo mai. Wanga shi na laihin?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ba aike ba ne, ba raini ba ne, bai san al'adar ba ne kawai. Maganar iri ta magidanta ce, ba a zaunar da yaro a koya masa, gani yake yi har ya gane, shi kuwa a shekarun da ya kamata ya gani yana wata ƙasa. Kunya ta rufe ni, amma bakina bai yarda ya sauko ba. Na ce ai na riga na rantse.

Ta ce, "Ka rantse ba ka ba su. Wa yac ce ka ba su? Sata za a yi."

Da la'asar ruwa ya sauko, ruwan shuka sosai, wanda ya jiƙa rairayi har ya wuce tsawon hannu. A wurinmu in irin wannan ruwa ya sauka, washegari ake shuka, wanda ya yi jinkiri ƙasa ta bushe masa. Na san in gari ya waye ba su da wani iri, na kudun za su zuba, kuma in suka zuba shi magana ta ƙare. Da kaka za mu ga jakunan nan sun juya kudu.

Rana na fitowa na sake rataye ƙunshin. Wannan karon ban shiga zaure ba, na laɓe bayan darni ina leƙe ta tsakanin kara, abin da al'ada ba ta yarda da shi ba, amma zuciyata ta ƙi zama. Mutane na ta wucewa da sungumi a kafaɗa, kowa ya ga ƙunshin sai ya rage tafiya. Wasu ma suka fake da gyaran takalmi. Lokaci na tafiya, ba kowa daga gidan Baba Ƙarami. Na fara cewa a raina shi ke nan, bakina ya kori mutane.

Can sai ga su. Baba Ƙarami ya tsaya nesa, gindin wata aduwa, ya juya baya yana kallon sama kamar mai neman tsuntsu. Ɗansa ya taho shi kaɗai. Daga tafiyarsa na san ya sha faɗa kuma ya sha darasi. Ya duba hagu, ya duba dama, yadda aka koya masa. Ya miƙa hannu ya sauke ƙunshin, sai idonsa ya faɗa cikin nawa ta tsakanin kara. Ya daskare. Ɗan'uwana bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, ga shi mai kaya ya kama shi dumu-dumu. Na ga leɓensa na motsi, gaisuwa yake shirin yi mini.

Daga gindin aduwa tsoho ya daka tsawa, bai ko juyo ba: "Ruga mana, sakarai!"

Ya ɗora ƙunshin a ka ya zura da gudu, rairayi na kama masa ƙafa. Na fito hanya na buɗe baki zan yi ihun ɓarawo. Duk zagin da na tanada ya gudu ya bar ni. Abin da ya fito daga bakina sunansa ne, cikakke, da na ubansa, daidai yadda mai kiran suna yake kiransa a bakin hanyar mota. Ban yi niyya ba. Mutane suka kalli juna, don ba a taɓa kiran sunan ɓarawon iri ba.

Bai tsaya ba. Yana cikin gudu, hannu ɗaya dafe da kaya, ya ɗaga murya har ta fashe:

"Farazan!"

Ko faɗarta bai iya ba, sau ɗaya ya taɓa jin kalmar, a bakina, jiya. Mutane suka fashe da dariya. Ni ma dariyar na fara, sai ga ni zaune a kan jiƙaƙƙen rairayi ina kuka kamar yaro, ƙato da ni, da mata da ɗa. Tun rasuwar mahaifina ban yi irinsa ba. Innata ce ta fito ta cika al'adar, ta yi ta ihun ɓarawo tana zagin kakannin ɓarawon, waɗanda su ne kakannin mijinta.

Kafin rana ta yi zafi sai ihu ya tashi a gidan maƙwabcinmu, sa'an nan a bayan masallaci, sa'an nan can wajen rijiya. Ashe kowa ya ɗaure nasa ƙunshin ya ajiye a bayan ƙofa, jira kawai ake yi. Ban taɓa jin an yi sata da yawa a gari ɗaya kamar safiyar nan ba. Har sabon mai gari an yi wa, kuma kowa ya san tsohon mai gari ne ya aika.

Da hantsi muna gona. Ni ina saran rami a rabin da aka bar mini, su suna nasu rabin, ba wanda ya ce wa wani komai game da safiya. Baba Ƙarami dai bai iya zubar da irin kudun nan duka ba, ya shuka 'yan layuka a gefen gamba, wai don gwaji. Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Layukan nan suka tsaya kore shar, dogaye, ba ƙwaya ko ɗaya, jakuna aka yanka wa su. Sauran gonar kuwa ta riga ta nuna. Ranar da aka fara gasa tumu, tsoho ya aiko mini da zangarniya uku, ba saƙo ba godiya, na ci a tsaye.

Su Baba Ƙarami ba su ɗaure kaya ba. Rigima ba ta ƙare a ranar ba, an yi shekaru ana 'yan gidajen zaune da 'yan gidajen dawowa, kuma da damana biyu ta cika na saki rabin gonar ina jin zafinta har cikin ƙashi. Amma gari ɗaya muka ci gaba da zama, rijiya ɗaya muke ja.

Wata rana bayan girbi ina zaune ina gyaran igiya, na ji matar Baba Ƙarami ta ƙwala wa ɗanta kira daga bayan darni. Ya amsa daga nesa. Sai da na kai ƙarshen igiyar na lura ban juya ba.